Injin wanki ya rubuta OE, ruwa ya ƙi fita: fanel ne ko me?

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nake nema. Ina da injin wanki LG mai ƙofa ta gaba, 7kg, ya kai shekara uku a wajena. Tun satin da ya wuce in na saka wanki sai ya wanke lafiya lau, amma da an zo wajen zubar da ruwa sai ya tsaya yana ƙara, can sai ya rubuta OE, ruwa na ciki, ƙofa kuma ta ƙi buɗuwa. Jiya yunifom ɗin yara kwana suka yi a ciki. Na kira wani mai gyara, ko buɗewa bai yi ba ya ce fanel ne ya tafi, kuɗin da ya faɗa kuma ya tsorata ni. In canza ne ko akwai abinda zan fara gwadawa? Daga Hanwa, Zariya."

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da fama. In na fahimce ki daidai injin yana jan ruwa, yana juya kaya, sai an zo fitar da ruwa matsalar take tasowa, kuma kafin ya rubuta OE ɗin kina jin ƙara. To tun kafin mu yi nisa, kada ki ba da kuɗin fanel, wato allon lantarkin da yake sarrafa injin, tukuna. Ban ce mutumin ƙarya yake ba, fanel yana lalacewa, amma injin da yake kunnuwa, ya ja ruwa, ya wanke, har ya gane ruwa bai fita ba ya rubuta miki a fuska, to wannan fanel ɗin akasarin aikinsa yana yi. Cikin abubuwan da suke kawo OE shi ne na ƙarshe da muke zargi, kuma ba a gane shi daga tsaye hannu a aljihu, sai an buɗe an sa mitar awon wuta.

Abinda OE ɗin yake faɗa miki

A can ƙasan injin akwai ɗan ƙaramin famfo mai aiki da wuta, yana da 'yar farfela ta roba, shi ne yake tura ruwan datti ya hau tiyo ya fita waje. Sannan akwai sansa da take sama kusa da murfin injin, wani siririn tiyo ne ya haɗa ta da ƙasan durom, in ruwa ya taru yana matsa iskar da ke cikin tiyon, da haka take gane yawan ruwan da ke ciki. Idan lokacin zubar da ruwa ya yi sai fanel ya ba famfo wuta, ya zauna yana jiran sansa ta ce masa ruwa ya ƙare. In 'yan mintuna suka wuce ba ta faɗa ba sai ya tsayar da komai ya rubuta OE. Shikenan fa. Bai san ko famfon ne ya mutu ba, ko wani abu ne ya toshe hanya, ko sansar ce take masa ƙarya, abinda ya sani kawai lokaci ya cika kuma har yanzu ana ce masa akwai ruwa. Ƙofar ma da ta ƙi buɗuwa ba lalacewa ta yi ba, da gangan injin yake riƙe ta don kada ruwa ya malale miki a ɗaki, saboda haka dan Allah kada a ja hannun da ƙarfi ko a sa wuƙa, sai ki ga an ƙara wani gyaran a kan wanda ake da shi.

Ga masu karantawa da injinsu ba LG ba ne, maganar ɗaya ce lambar ce kawai ta bambanta. Samsung yana rubuta 5E, wanda da yawa suke karantawa SE saboda yadda 5 ɗin yake fitowa, sababbin kuma 5C. Bosch da Siemens irin 'yan Beljiyam ɗin nan E18 ko F18 suke nunawa. A LG kuma kada a haɗa OE da IE, shi IE na shigar ruwa ne, wato tanki ba ruwa ko ruwan ba ƙarfi, UE kuma kaya ne suka taru gefe guda.

Fara da fitar da ruwan

Kafin komai ki cire fulogi daga soket, ba kashe maɓalli kawai ba, ki cire shi gaba ɗaya. Gidajenmu da yawa ba a yi musu wayar ƙasa yadda ya kamata ba, ga ruwa zai zuba a tayil, ga ki ba takalmi, ba abin wasa ba ne. In kuma da ruwan zafi kika yi wankin, irin digiri 60 ko 90 ɗin nan, ki bari ya huce tukuna.

Ki duba gaban injin can ƙasa a gefe ɗaya, zaki ga wata 'yar ƙofa. Ki buɗe ta da cokali ko farce. Abu biyu zaki gani, wani babban murfi mai zagaye da ake murɗawa, shi ne filta, da wani ɗan siririn tiyo mai toshi a baki. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya fara murɗe babban, ai kuwa sai ruwa ya ɓalle gaba ɗaya, kuma ruwan da ke ciki yakan kai bokiti guda ko fiye. Ƙaramin tiyon zaki jawo, ki tara faranti mai faɗi ko tire tunda wajen ya yi ƙasa bokiti ba zai shiga ba, ki cire toshin, in ya cika ki toshe ki juye a bokiti ki sake tarawa. Yana cin lokaci, ki sa kujera ki zauna. In ƙaramin tiyon ma ya ƙi kawo ruwa, wannan kansa alama ce ta datti ya cushe wajen, sai ki shimfiɗa tsofaffin tawul ki riƙa murɗa babban murfin kaɗan-kaɗan, ruwa ya tsiyaya ki mayar, har ya ƙare. Da ruwa ya fita, ƙofa takan saki da kanta bayan minti ɗaya ko biyu, wani injin kuma sai kin mayar da wuta kin kunna kafin ya saki.

Yanzu sai ki murɗe filtar ta hagu ki zaro ta. Ki shirya hancinki don warin ba daɗi, musamman in shekara ukun nan ba a taɓa buɗewa ba, wanda nake kyautata zaton haka ne tunda ba ki ambata ba. Littafin injin yakan yi maganar kwabbai da maɓallai, mu nan waye yake yawo da kwandala a aljihu yanzu. Abinda muke cirowa a gidajen Zariya daban ne, fil ɗin hijabi shi ne sarki, sai robar ɗaure gashi ta yara, duwatsu da 'yan ƙwalliyar jikin leshi, ƙwallon dabino, tsinken sakace, guntun asuwaki, ledar alawa, ƙwayar carbi, ƙarfen rigar mama, da zaren aikin babbar riga. Yadda yawanci yake faruwa, fil guda ɗaya zai gitta a bakin hanya, shi kaɗai ba zai hana ruwa wucewa ba, amma sai zare ya zo ya naɗe shi, gashi ya zo, auduga ta zo, omo ya daskare a kai, a hankali ya zama wani baƙin curi mai santsi. Shi ya sa sai ki ji mutum ya ce kwatsam injin ya tsaya, alhali watanni abin ya yi yana taruwa, in kika tuna zaki ga ƙila tun kafin satin da ya wuce kaya suna fitowa da ɗan ruwa-ruwa ba kamar da ba.

Ki wanke filtar da tsohon buroshin haƙori. Amma kada ki tsaya nan, nan ne mutane suke yin rabin aiki. Ki haska fitilar waya cikin ramin da filtar ta fito, can ciki zaki hango farfelar. Ki sa yatsa ko biro ki juya ta, a hankali saboda fil. In tana juyawa tana ɗan cijewa tana tsalle, wannan lafiyarta kenan, maganaɗisun ciki ne yake sa haka. In ta ƙi motsi sam, wani abu ya naɗe bayanta, yawanci robar gashi ko zare, a sa filaya mai dogon baki a jawo. In kuma tana juyawa sakaka ba wata cijewa, ko tana lilo gefe da gefe, ko fiffikenta ɗaya ya karye, to famfon ya gama yayinsa. Ki mayar da filta ki ɗaure sosai har ta tsaya, ki toshe ƙaramin tiyon, don in ba ta zauna daidai ba yoyo zaki samu.

Sai gwaji. Ba sai kin sa kaya ba, ki zuba ruwa kamar rabin bokiti cikin durom, ki rufe, ki kunna, ki zaɓi Spin kaɗai, abu na farko da injin zai yi shi ne kunna famfo. Ki durƙusa ki saurara.

Kunne ya fi ido aiki a nan

Ni in aka kira ni a waya kan irin wannan, tambayata ta farko ita ce wane irin ƙara yake yi, don daga nan nake sanin abinda zan saka a jaka. Ke kin ce yana ƙara, kuma wannan ita ce babbar hujjata a kan maganar fanel, domin in har famfon ne yake ƙarar to wuta tana isa gare shi, wanda yake aiko wutar kuwa fanel ne.

In gurnani ne mai nauyi, irin mmmm ɗin nan ba tare da jin motsin ruwa ba, famfo yana samun wuta amma farfela ta kasa juyawa, ko dai wani abu ya riƙe ta ko wutar ta yi rauni. In ƙara ce ta kar-kar-kar kamar ana kaɗa tsakuwa, akwai wani abu mai tauri da farfela take duka, ko ita kanta ta saki. In famfon yana gudu sumul da sautinsa na kullum amma ruwa ba ya fita ko yana fita siriri, toshewar tana wani wajen, ko tiyon baya ko baƙar robar da ta haɗa durom da famfo, nan ne safar jarirai da ɗan hankici suke maƙalewa, suna bi ta tsakanin robar ƙofa da durom su faɗa. Wannan kam sai an kwantar da injin ko an buɗe, aikin mai gyara ne. In kuwa shiru kike ji ɗif, ba gurnani ba komai, a nan ne ake fara maganar kwayil ɗin famfo, wato naɗin wayar da ke cikinsa, ya ƙone, ko waya ta tsinke, ko fanel. Kuma ko a nan ɗin sai na fara duba waya, don ƙasan injin wanki a buɗe yake, ɓera yana son wajen, sau da yawa zaka tarar ya gutsure wayar famfo, gyaran da bai wuce a haɗa a naɗe ba.

Akwai wani nau'in da yake rikita mutane, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, ko ya zubar da ruwan farko lafiya sai a ɗauraya ta ƙarshe ya tsaya, in aka bar shi ya huta ya sake tashi. Wannan yawanci famfo ne da ya tsufa, in ya ɗau zafi sai ya tsaya. Ruwanmu yana da hannu a ciki, na rijiya da na 'yan ga-ruwa da ma na bohol in tanki ya daɗe ba a wanke ba duk suna ɗauke da yashi, ga ƙurar hunturu, ga jar ƙasar da yara suke kwasowa a yunifom da safa, duk ta cikin famfon nan suke bi suna cin sa a hankali.

Tiyon baya, omo, da wuta

Ki leƙa bayan injin. Sau da yawa ana shara ne a tura shi ya manne da bango, tiyo ya lanƙwashe, shikenan OE. Ki duba kuma tsayin inda aka rataye shi, a irin injinki bai kamata ya haura mita ɗaya daga ƙasa ba, famfon ƙarami ne ba zai iya tura ruwa ta saman taga ba. Wani abin da nake yawan gani a gidajen da injin yake baranda ko tsakar gida, sai a ƙara wa tiyon tsawo da siririn tiyon ban ruwan fulawa don ya kai kwata, a ɗaure da roba, to bakin ya ragu, tafiyar ta ƙaru, datti kuma yana kwanciya a mahaɗar. In za a ƙara a ƙara da mai faɗi irin nasa ko wanda ya fi shi. In kuma cikin bututun bango aka cusa shi, ki zaro ki sa a bokiti ko ki nufa da shi makwarara ki gwada, in ruwa ya fito da ƙarfi to injinki lafiyarsa ƙalau, bututun gidan ne ya toshe, mai gyaran bututun ruwa zaki kira ba mu ba.

Sai omo. Wannan ina son ki duba shi da gaske don mata da yawa ba sa yarda in na faɗa. Omon da muke wankin hannu da shi an yi shi ne don ya yi kumfa, injin mai ƙofa ta gaba kuma ruwa kaɗan yake sha, ba ya son kumfa. In aka cika masa, famfon zai yi ta juyawa cikin kumfa kamar mai ɗiban ruwa da kwando, sansa kuma tana ganin har yanzu akwai abu a ciki. In lokacin da ya tsaya kina ganin farin kumfa ya rufe gilashin ƙofa, ki rage omo zuwa rabin abinda kike sawa, ko ki nemi wanda aka rubuta na injin ne. Masu zuba sitaci cikin injin don shadda kuma, ni dai ba na ba da shawarar haka, yana barin dauɗa mai yauƙi a tiyo da bakin siririn tiyon sansa. In wannan wajen ya toshe zaki ga abin mamaki, durom ba ko ɗigon ruwa amma injin ya nace da OE. To a nan ba famfo ba ne, a zare tiyon sansar a wanke mahaɗarsa, in bai yi ba a canza sansar, ita ma ba ta kai kuɗin fanel ba.

Wuta kuma kin san halin da ake ciki. Famfon nan an yi shi ne don wuta 220 zuwa 240, in ta zo da rauni, irin wadda fanka take juyawa da ƙyar, fuskar injin zata kawo haske lafiya lau amma famfo ya kasa tashi, sai gurnani. Ki lura ko da yamma ne yake miki haka lokacin da kowa ya kunna kaya, ko a kan ƙaramin janareta. Ki gwada shi lokacin da wuta ta cika. In stabilaiza zaki sa kada ki ɗauko ta firij, hitar injin wanki ita kaɗai tana jan kusan wat 2000, ni nakan ce a sa mai 5000VA hankali ya fi kwanciya.

In sai an kira mai gyara

In kin yi duk wannan bai tashi ba, to a kira mai gyara, amma ki tsaya a kansa ko maigida ya tsaya. Abu biyu zai auna kuma ba su da wuya. Na farko ya cire wayoyin famfo ya auna kwayil ɗin da mita, irin famfon da aka saba yakan ba da wajen 150 zuwa 250 om, in mita ba ta nuna komai ba, to ya ƙone. Wasu sababbin injina suna da famfo mai aiki da ƙaramar wuta, su awonsu daban ne, sai a duba rubutun jikinsa. Na biyu ya auna ko wuta tana isowa bakin famfon lokacin da injin yake ƙoƙarin zubar da ruwa. In wuta tana zuwa famfo bai juya ba, famfo ne. In ba ta zuwa, a bi waya har sama. Sai in waya lafiya, famfo lafiya, sansa lafiya, sannan a ce fanel. Ki tambaye shi kai tsaye, Malam ka auna wuta a bakin famfon? Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba, zai ma nuna miki mitar.

Ko da ta tabbata fanel ne, ba kullum ake canza shi gaba ɗaya ba, sau da yawa ɗan abin da yake sakin wuta zuwa famfo ne kawai ya ƙone, ko kyankyaso ya shiga ya haɗa wuta, ko danshi ya ci wani layi. Ni kaina ba na zama kan gyaran cikin fanel, akwai masu aikin lantarki da suka fi ni hannu a nan, wajensu nake kaiwa, kuma in wanda aka malale da roba ne gaba ɗaya wani lokacin su ma sukan ce a nemi wani kawai.

Famfo kuwa ana samu wajen masu kayan firij da injin wanki a Sabon Gari, in ba a dace ba a aiko daga Kaduna ko Kano. A tafi da tsohon a hannu don mazauninsa da bakin wayarsa suna bambanta. Ni a famfo na fi son sabo a kan ɗan Beljiyam, tunda abu ne da yake cinyewa da aiki, wanda aka ciro daga wani injin ba ki san saura nawa ya rage masa ba. Kuma ki ce a bar miki tsohon da aka cire. Wannan sitikar garantin shekara 10 da take jikin yawancin LG, ta babbar motar da take juya durom ce, ba ta shafi famfo ba, kada ki sa rai a nan.

Masu injin da ake buɗewa ta sama su lura, da yawansu ba su da famfo sam, ruwa da kansa yake gangarowa in injin ya buɗe masa hanya, saboda haka nasu tiyon a ƙasa ake kwantar da shi, in aka rataye shi sama ruwa ba zai taɓa fita ba. Naki kuma akasin haka ne, in kika yar da tiyon a ƙasa warwas ruwa zai iya riƙa zurarewa tun yana shiga.

Ban ga injinki ba Hajiya, daga rubutu nake magana, amma da yadda kika kwatanta, shekara uku, yara 'yan makaranta, ƙara kafin ya tsaya, zuciyata ta fi karkata ga filta ko wani abu da ya riƙe farfela, in ba shi ba to famfon ne. In Allah ya sa ya tashi, ki riƙa buɗe filtar nan duk wata ko wata biyu, a zazzage aljihu kafin a saka kaya, a cire fil daga hijabi, safa da ƙananan kayan yara a sa su cikin jakar raga mai zif, kayan da suka sha ƙasa kuma a kakkaɓe su a waje tukuna. Dadduma da ƙaramin kafet masu zubar da gashi gara a wanke su da hannu. In kin buɗe bai yi ba, ki sake rubuto min abinda kika tarar a filtar, da yadda farfelar take juyawa a yatsanki, da kalar ƙarar da kika ji lokacin Spin, da waɗannan ukun zan iya faɗa miki abinda za a saya kafin kowa ya taɓa injin.